Rabon Wanda Ba Ya Gida

Tun da na buɗe ido a gidanmu ban taɓa ganin wanda ya sa cuku a bakinsa ba, amma ranar Asabar ɗin nan sai ga shi kala-kala a kan teburin kicin, kowanne da irin warinsa.

Duk Kyaftin ne ya jawo. Matuƙin jirgin sama ne, ɗan aminiyar Gwaggo, kuma shi Mama ta ga ya dace da ni tun kafin ta tambaye ni. Mahaifiyarsa za ta zo bayan la'asar ita da ƙannenta mata biyu, wai gaisuwa kawai. Gaisuwar me? Har kyanwar gidanmu ta san ni za a zo dubawa.

Da Mama ta tambaye shi abin da za a dafa wa Hajiyarsa, sai ya ce, "Kar a wahala, Mama. Ba ta cin abu mai maiƙo. 'Ya'yan itace da ɗan cuku sun isa."

Wai kar a wahala. Wallahi da tukunya goma ya ce a ɗora, da ya fi mini sauƙi.

Mama ta samo hoton wani tire a waya, an jera masa inabi da tuffa da cuku kamar za a kai gasa, ta ce irinsa sak take so. "Ke ce mai aikin kantin magani, Auta, kin saba jera abu. Kar ki ba ni kunya."

Baba kuwa tun da safe ya gama tasa maganar. Ya ce ba zai yi mini dole ba, na girma, ina da aikina. Amma in baƙi sun tafi yana son amsa. In na amince da Kyaftin, to. In ban amince ba, in kawo wani.

"Kowa kika kawo zan duba," ya ce, "ban da gidan da mahaifiyarki ta hana."

To ai a nan matsalar take. Ni kuma a wannan gidan zuciyata ta je ta zauna.

Wanda nake so Dogo ne, mai awon filaye, kuma ƙanin tsohon mijin Yaya ne, ciki ɗaya. Yayata ta yi aure a gidansu, ta sha wuya a hannun wansa, mutumin da ba ya dawowa gida sai ya ga dama, in ya dawo kuma ya zo da baƙar magana. Ranar da auren ya mutu Yaya ta dawo da akwati ɗaya, ta rame har ƙashin wuyanta ya fito. Mama ta rungume ta, ta yi rantsuwa muddin tana numfashi 'yarta ba za ta sake taka wannan gidan ba.

Da maganata da Dogo ta fito fili, Mama ta ce in rabu da shi. Na ce to. Amma duk ranar Laraba in na tashi daga aiki ina biyawa gidansu, in zauna da mahaifiyarsa, Inna, a bayan kicin muna hira. Babu wanda ya sani a gidanmu.

Da wannan nauyin a kaina na shiga kicin, na tarar Gwaggo ta riga ni, riƙe da wuƙa.

"Auta, an cuce ku a kantin nan," ta ce, tana toshe hanci. "Wannan ya yi fumfuna har ciki."

"Haka ake yin sa, Gwaggo."

"Haka ake yin me? Ruɓewa?"

Na leƙa faranti. Innalillahi. Cukun nan mai kore-kore a ciki, wanda ya fi sauran tsada, Gwaggo ta bi shi da bakin wuƙa ta ƙwaƙule duk inda ta ga kore. Abin da ya rage bai fi garin da kaza za ta tsattsaga ba. Mai laushin nan kuma da ke da farin ɓawo, ta fere shi tas kamar mangwaro, yana ta malala a kan katako.

"Na uku ma ban yarda da shi ba," ta ce. "Duk huji ne. Ko ɓera ya riga mu?"

Na rufe ido na ja numfashi. In na yi magana a ce Auta ba ta da kunya.

Mama ta shigo da waya a hannu, ta kalli hoto, ta kalli tebur. "Ina mai kore-koren? Shi ne fa a tsakiya."

"Tambayi Gwaggo."

"Na ceci ranku ne," in ji Gwaggo. "Ki ba surukarki ruɓaɓɓen abu ranar farko?"

"Ba surukata ba ce tukuna," na ce a hankali.

Mama ta ji. Ta ajiye wayar, ta matso kusa da ni. "Me yaron nan ya yi miki? Ga hankali, ga aiki, ga ladabi. Ko sau ɗaya bai taɓa shigowa gidan nan hannu rabbana ba."

"Ban ce yana da laifi ba, Mama."

"To mene ne? Kar dai ki ce mini har yanzu wancan ne a ranki." Idonta ya kawo ruwa. "Ni na ga yadda yayarki ta dawo. Ni na riƙa ba ta abinci a baki. Kina so in sake ganin haka da idona?"

Me zan ce? Gaskiya ta faɗa, ni ma na gani.

"Ki sa kankana nan kusa da cukun, a hoto haka yake," ta ce tana share ido da bakin mayafi.

"Ruwanta zai bi ya jiƙa biskit ɗin. Sai dai in sa ta a kwano daban."

"Ki yi yadda kika ga dama, in dai zai yi kyau."

Suka fita yin wanka da shiri, suka bar ni da ɓarnar Gwaggo.

Ba zan ɓoye ba, na yi tunanin in bar tiren nan ya lalace. In bar tuffa ta yi baƙi, in bar kankana ta yi ambaliya, Hajiyar Kyaftin ta gani ta ce yarinyar nan ƙazama ce, kowa ya huta. Amma hannuna ya ƙi. Ni ko kwalin magani na ga ya karkace a kan kanta sai na gyara shi. Haka na sami kaina ina matsa lemon tsami a kan tuffa, ina tsane inabi da tawul don kar ya yi danshi, ina yanka shi ƙananan nonna yadda mutum zai ɗauka da yatsu biyu. Cukun da Gwaggo ta fere na kwashe shi a ƙaramin kwano, na ɗiga masa zuma, kamar da gangan aka yi. Mai hujin na yanka shi siri-siri. Na ba kowanne wuƙarsa don kar warin wani ya bi wani.

Ina yi ina jin haushin kaina. Wace irin mace ce za ta tsaya tana ƙawata wa kanta tarko?

Wayata ta yi ƙara a aljihun riga. Dogo ne. Na tura ƙofar kicin da ƙafa.

"Kin gaya musu?" ya ce.

"Ina jera musu inabi."

Ya yi shiru. Shirun nan nasa yana ƙona mini rai. Mutum ne da zai tsaya cikin rana wuni guda yana jiran igiyar awo ta miƙe, bai taɓa gaggawa a kan komai ba.

"Inna ta ce in gaya miki," ya ce daga baya, "in kin ga abin zai raba ki da mahaifiyarki, ki haƙura da mu. Ta ce ba za ta ji haushinki ba."

"Kai kuma me ka ce?"

"Ni ba na son ki yi kuka saboda ni."

"Ai kukan nake yi yanzu, Dogo. Na gode da haƙurin da kowa yake ba ni. Mama in haƙura, Inna in haƙura, kai ma in haƙura. Ko sau ɗaya ka ce mini kar in yarda mana. Ka ce za ka zo ka tsaya a ƙofar gidanmu har Baba ya fito."

"In kin ce in zo, yanzu zan zo."

"In na ce. Komai sai na ce."

Na kashe wayar, na jawo abarba da ƙarfi kamar ita ta yi mini laifi.

Ina yanka ina hawaye, hankalina ba ya wurin. Na sare kai da gindi, na fere ɓawon siri-siri yadda idanun za su rage a jiki. Sannan na bi layin idanun a karkace, ina cire su da ƙaramar wuƙa, tsagi bayan tsagi, har abarbar ta fito da zane yana zagaye ta daga sama zuwa ƙasa. Haka Inna take yi. Ta tsani ta ga an yi wa abarba fira mai kauri, takan ce, "Kar ki zubar mini da rabinta a shara saboda ido."

Na yanka ta ƙawanya-ƙawanya, kowace da bakinta mai tsaga-tsaga, na jera a gefen tire. Na cike guraben da suka rage da dabino da gyaɗa.

Ban ji buɗe ƙofa ba. Sai dai na ji murya a bayana.

"Wa ya koya miki wannan yankan?"

Yaya ce. Malamar firamare ce, kuma tun da ta dawo gida ba ta shiga sabgar kowa, daga makaranta sai ɗaki. Ruwa ta zo ɗauka a firji, ga kofin nan a hannunta, amma idonta na kan abarba.

"A waya na gani," na ce.

"A waya."

"Kowa ma yana yi yanzu, Yaya."

Ta ajiye kofin, ta taka zuwa ƙarshen tebur, inda wani ɗan faranti yake a rufe da kwano. Ta ɗaga kwanon. Yanki ɗaya ne a ciki, na can wajen gindin abarba, inda ya fi zaƙi.

"Wannan ma a waya kika gani?"

Wallahi ban san lokacin da na ajiye shi ba. A gidan Inna ba a yanka abarba sai an cire yankin gindi an rufe, rabon wanda ba ya gida ne, in ya dawo ya tarar. A gidanmu babu mai yin haka. Hannuna ne ya saba, ya tona mini asiri.

"Tun yaushe kike zuwa?" ta ce.

"An daɗe."

"Kika ce wa Mama kin rabu da shi."

"Na ce mata to, ban rantse ba."

"Ɗaki ɗaya muke kwana da ke, Auta. Kullum Laraba ki dawo ki ce mini layin masu sayen magani ne ya riƙe ki, ni kuma in ajiye miki abinci."

Muryarta ba ta tashi ba, amma da ta mare ni da ya fi mini sauƙi. Sai kawai haushin da na tara tun safe ya fashe.

"To me kike so in yi, Yaya? In zo in ce miki ina son ƙanin mutumin da ya mayar da ke haka? In kalli idonki in faɗa? Ba shi ya yi miki ba, wansa ne, amma kowa ya haɗa su ya ɗaure. Na yi ƙoƙarin cire shi a raina, Allah ya sani na yi. Na zauna da Kyaftin yana ba ni labarin gajimare har na kusa yin barci. Ba na son sa. Kuma ba na son in ɓata miki rai. Ki gaya mini inda zan sa kaina."

"Kin taɓa tambayata?"

Na sunkuyar da kai.

"Ke da Mama duk ɗaya kuke," ta ce, hawaye na bin kumatunta. "Ita tana hana ki da sunana, ke kina ɓoye mini da sunana. Kowa a gidan nan ya san abin da ke raina. An mayar da ni kamar ƙwai, ana lallaɓawa, ba mai zama ya ce Yaya ke me kika gani."

Ta kalli ɗan farantin. Ta daɗe tana kallon sa.

"A lokacina wan Dogo ake ajiye wa," ta ce. "In rufe, in zauna ina jira, ya kwana ya yi tsami in zubar. Yanzu ma shi Inna take ajiye wa, ɗan lelen nata?"

"Aiki ya kai shi wani gari, ba ya ma zuwa." Na nuna farantin. "Naki ne, Yaya."

Ta ɗago kai.

"Duk ranar da ta yanka sai ta rufe ta ce, na 'yata ne, ko za ta biyo ta nan daga makaranta. In yamma ta yi Dogo ya faki idonta ya cinye, don kar ta tashi da safe ta ga yana nan."

"Ƙarya kike. Matar da ko sau ɗaya ba ta zo ta duba ni ba."

"Ta zo. Ba sau ɗaya ba. Mama ce ta tare ta a ƙofa ta ce kina barci, daga baya ta ce kar ta sake zuwa."

Yaya ta dafa tebur. Na miƙa hannu zan riƙe ta, ta ture.

"Ita ce take ɓoye mini abinci in ya hana," ta ce, kamar da kanta take magana. "Ranar da zan tafi har bakin mota ta biyo ni babu takalmi. Na ɗauka da na fita ta manta da ni."

Sai ga ƙarar mota a waje, ga muryar Gwaggo tana lale marhabin tun daga tsakar gida.

Yaya ta mayar da kwanon ta rufe farantin. Ta goge fuskarta, ba ta kalle ni ba. "Wanke idonki. Sun iso."

"Za ki gaya wa Mama?"

Ta buɗe ƙofa ta fita.

Na ɗauki tiren na fita. Falo ya cika da ƙamshin turare. Hajiyar Kyaftin na zaune a babbar kujera, ƙannenta a gefe, duk sun zuba mini ido tun daga ɗankwali har yatsun ƙafa. Na durƙusa na gaishe su, na ajiye tiren a kan tebur.

"Masha Allah," suka ce a tare. Mama ta gyara zama, fuskarta ta washe.

"Bismillah, Hajiya," ta ce. "Ga cukun nan, an ce kina so."

Hajiya ta yi dariya ta kaɗa hannu. "Ni? Ai cuku ba ya zama mini a ciki. Yaron nan ne ke son sa, tun da ya fara yawon ƙasashe. Shi duk abin da yake so, gani yake kowa ma yana so."

Na kalli Mama, Mama ta kalli Gwaggo, Gwaggo ta kalli silin. Oh ni Auta. Wunin da na yi, warin da na shaƙa, ashe duk don cikin ɗan gidan ne, shi da bai ma zo ba.

Hajiya ta sa tsinke ta ɗauki abarba, ta juya ta a hannu tana duba bakin. "Amma wannan yanka ya burge ni. Ko ido ɗaya babu, kuma ba a yi ɓarna ba. 'Yata, wa ya koya miki?"

Mama ta yi saurin karɓa, "Ai a nan gida..."

"A gidan surukarta ta koya, Hajiya."

Kowa ya juya. Yaya ce tsaye a bakin ƙofa, riƙe da ɗan farantin nan.

Tsinken ya tsaya a hannun Hajiya. "Au. An riga an yi mata miji ne?"

"Ba a yi ba tukuna," in ji Yaya. "Amma akwai wanda take so, kuma na san gidansu, don na zauna a ciki. Mutum ɗaya ne ya cuce ni a can, sauran sun riƙe ni da mutunci. Ɗanki bai yi mana laifin komai ba, shi ya sa na ga gara ku ji yau daga bakinmu."

"Ke," Mama ta ce, muryarta can ƙasa. "Kin san abin da kike faɗa?"

"Na sani, Mama. Saboda ni kika hana, kuma na san don kina so na ne. To ni ban hana ba."

Hajiya ta ajiye abarbar a hankali, ta goge yatsunta, ta ce wa ƙannenta yamma ta yi, su tashi. Ta yi sallama da ladabi, amma ba ta sake kallon inda nake ba. Gwaggo ta bi su tana ba da haƙuri, Mama ta bi bayanta, mayafinta na jan ƙasa ba ta ma sani ba.

Aka bar mu mu biyu da tire cike da cuku.

Yaya ta zauna a kujerar da Hajiya ta tashi. Ta buɗe farantin, ta ɗauki yankin nan ta ci, a hankali, hawaye na ɗiga a kan cinyarta.

"Yaya, kin kashe ni," na ce, ina kuka ina dariya. "Da kin bari sun tafi mana."

"Da na bari, da kin sake cewa to." Ta lashe yatsanta. "Ki kira shi. Ki ce ya gaya wa Inna yau na ci rabona. Laraba kuma tare za mu je."

Kafin in amsa muka ji an rufe ƙofar gida da ƙarfi. Daga tsakar gida Mama ta ƙwala mini kira da sunana na yanka, wanda ba ta kira sai ranar da abu ya ɓaci. Ta kira na Yaya ma. Sannan muka ji tana cewa Baba ya fito ya ji abin da 'ya'yansa suka yi mata a gaban mutane.

Yaya ta miƙe ta kama hannuna ta tashe ni.

"Ni zan fara magana," ta ce. "Ke ɗauko tiren, Baba yana son abarba."